Daɓen Gora A Gidanmu

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, na san da yawa za su yi dariya in na ce a gidanmu gora muke takawa. Ni ma na yi dariyar ranar da na fara ji. Gorar da muka sani ita ce sandar da makiyayi ke saɓawa a kafaɗa, da wadda magina ke tokare rufin kankare da ita kafin ya kama. To, ga yadda aka yi ta shigo mana har cikin ɗaka, da kuma hannun da nake da shi a cikin al'amarin, wanda ba duka ne abin yabo ba.

Gidanmu yana da wani rufaffen lungu wanda ya tashi daga falo, ya bi ta ƙofar ɗakin Kaka, ya faɗa tsakar gida. Tsawonsa bai wuce taku goma sha biyu ba, amma duk gidan babu inda ke shan ƙafa kamarsa. Mai zuwa kicin ta nan zai bi, mai zuwa bayan gida ta nan, baƙin Umma ta nan, yaran maƙwabta masu shigowa kallon talabijin su ma ta nan. Wata Asabar na ce sai na ƙirga masu wucewa, na haura ɗari biyu tun kafin la'asar, na gaji na bari. Da can daɓen siminti ne a wurin. Da bikin Yaya ya zo aka sa tayil mai sheƙi, irin wanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki, kowa ya zo sai ya yaba. Ana nan, a daminar 2023, wani yaro ya shigo da jiƙaƙƙun ƙafafu, Kaka ta biyo bayansa, santsi ya kwashe ta, ta karye a wuyan hannu. Hannun ya warke cikin wata biyu, amma tsoron bai warke ba. Tsohuwar da ta saba kewaya gida tun asuba tana tashin masu nauyin barci, ta koma ba ta fita ƙofar ɗakinta sai an riƙe ta. Wannan ya fi karayar damun Baba.

Aka zauna shawarar abin da za a sa maimakon tayil. Ita Kaka cewa ta yi a yi mata daɓe irin na da, wanda mata ke taruwa su zuba tsakuwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi ja ta yi ƙarfi. Ta ce a kan irinsa ta haifi 'ya'yanta duka, ba ta taɓa zamewa ba. Baba ya ce, "Inna, masu daɓen fa, ina zan samo su yanzu?" Ta yi shiru, don ta san sa'o'inta sun ƙare. Umma ta kawo maganar ledar ɗaki, amma mun riga mun ga yadda take yagewa a bakin ƙofa, yagaggen bakin kuwa shi ma tarko ne. Kafet kuma matattarar ƙura ce, ga Kaka da tari in hunturu ya shigo.

Ana cikin haka sai Kawu, ƙanen Umma, ya dawo daga Guangzhou ta ƙasar Sin, inda yake zuwa sarin kaya. Ya zo gaishe da Kaka a watan Nuwamba, ya ji abin da ake ciki, kashegari ya komo da guntayen katako uku a jaka, ya zube gaban Baba, ya ce gora ce. Baba ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Kai dai kullum ka je Sin sai ka dawo mana da sabon labari." Kuɗin da za a kashe kuwa daga cikin kuɗin sallamarsa na barin aiki za su fito, waɗanda yake ta tattali saboda karatunmu, don haka ba abin da zai saya da ka ba ne. Ya miƙo mini guntayen ya ce, "Kai ne mai karatun kimiyya. Je ka wahalar da su, wanda ya rayu ka kawo mini."

Kafin in wahalar da su sai da na nemi sanin asalinsu, a ɗakin karatu na makaranta da kuma wayar Yaya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ashe gora ba itace ba ce, ciyawa ce, dangin dawa da masara da rake. Wadda ake yin falankin daɓe da ita Sinawa ke nomawa, sunanta moso, ta fi yawa a lardunan kudu irin su Zhejiang da Fujian da Jiangxi. Takan kai tsawonta duka, mita ashirin ko kusa da haka, cikin wata biyu kacal, amma jikinta ba ya ƙosawa sai ta shekara 5 ko 6. Wanda ya yi gaggawa ya sare ta tana ɗanya, falankinsa zai fito da kyan gani amma ba ƙarko, kuma mai saye ba zai gane da ido ba. In an sare ta saiwar ba ta mutuwa, sai ta sake tofo. Sa'an nan akwai sitaci a jikinta wanda ke jawo gara da ƙwarin da ke mai da itace gari, shi ya sa ake dafa ta da magani kafin a busar.

Guntun farko shi ne ya fi kyau, ruwan ƙasa ne kamar zuma, gaɓoɓin gorar a bayyane. An tsaga gora ne sala-sala, aka jera a kwance aka manne da gam. Shi Umma ta so tun ganin farko. Launin nan kuwa ba fenti ba ne, turara gorar ake yi da zafi har zaƙin da ke jikinta ya ƙone, kamar yadda sukari ke yin ja a tukunyar mai alewa. Sai dai zafin da ya ba ta kyau shi ke rage mata ƙarfi. Na biyu fari ne, an jera salolin a tsaye gefe da gefe, ya fito da sirara-siraran layuka. Na uku ba shi da fasalin gora ko kaɗan. Shi dagargaza gorar ake yi ta zama zare-zare, a jiƙa da gam, a danne da inji mai nauyin gaske har ta dunƙule, sa'an nan a yanka falankai. Da na ɗauke shi sai na ji kamar guntun ƙarfe.

Akwai wani awo da masu katako ke yi, wanda ake kira da sunan wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Janka. Ana danna ɗan ƙwallon ƙarfe a jikin katako har rabinsa ya nutse, a duba nauyin da aka sa kafin ya shiga. Katakon iroko da kafintocinmu ke yabo yana wajen laba 1,260. Gorar da aka jera sala-sala ba ta yi masa nisa ba, turararriyar ma takan gaza shi. Amma dunƙulalliyar, masu sayarwa sukan rubuta mata 3,000 ko fiye. Ni dai ba ni da ƙwallon ƙarfe, ina da kujerar ƙarfe ta zaure da kuma ƙanena mai ƙiba. Na ɗora ƙafar kujerar a kan kowane guntu na sa shi ya zauna yana rausaya. Mai ruwan zuma ya lotsa har ana ji da yatsa, farin ya ɗan yi tabo, na ukun ko gezau.

Sai gwajin ruwa, don lungunmu hanyar masu buta ce. Na jefa su cikin bokiti. Biyu suka taso, na ukun ya nutse ƙasa kamar dutse, yara suka yi ta sowa. Da safe na tsamo su, na tarar dukansu sun kumbura a baki-baki, har shi gwarzon. A nan ya kamata in tsaya in yi tunani, amma murnar nutsewar ta ɗauke mini hankali.

Gwajin da ya fi koya mini abu shi ne wanda ban wahala a kansa ba. Na jera su a bakin zaure, na bari mutane suka yi ta takawa da takalma har wata guda. Ashe babban abokin gāban daɓe a ƙasarmu ba nauyi ba ne, rairayi ne. Taurin falanki yana hana shi lotsawa, amma ba ya hana man da aka shafe samansa karcewa, rairayi kuwa a ƙarƙashin takalmi sanfefa ne sosai. Dukansu uku suka karce. Bambancin kawai, a jikin mai duhu kowane karce fari fat yake fitowa, a jikin masu haske kuwa sai ka durƙusa kafin ka gani. Da na nuna wa Umma zaɓinta ta ce in kawar mata da shi daga gabanta.

Na kai wa Baba bayani, ya saurara har na gama, sa'an nan ya yanke. Zaure zai zauna da simintinsa, don nan ake shigo da babur da buhunan hatsi, nan kuma baƙi ke tsayawa da takalma. Kicin da bakin bayan gida za a sa musu tayil mai kaushi, gora ba za ta je inda ruwa ke kwana ba. Lungu da ɗakin Kaka su za a yi wa dunƙulalliyar, mai haske, marar sheƙi. Falo ya jira. Ya kuma gargaɗi Kawu a kan gam, don na karanta cewa mai araha yakan daɗe yana fitar da wani sinadari, fomaldihaid, mai yaji a ido da maƙogwaro, ga mai ɗakin da tari. Kawu ya ce zai nemi takardar shaida, zai kuma sa hanci ya sansana. Shi ne ma ya ba da shawarar a ƙara kwali ɗaya a ajiye saboda ɓacin rana. Allah ya saka masa da alheri a kan wannan kwali.

Kaya suka iso a watan Fabrairu na 2024. A cikin kowane kwali akwai takarda da Turanci, aka ba ni in karanta. Ta ce a buɗe kwalayen a bar falankan su sha iskar gidan kwanaki kafin a shimfiɗa, muka bar su mako uku suna shan busasshiyar iskar hunturu. Ta ce a fasa tayil a daidaita siminti, a shimfiɗa leda mai kauri saboda laimar ƙasa, aka yi. Ta ce falankin ya fi son iska mai danshi kashi 40 zuwa 60 cikin 100, alhali kuwa a nan Kano danshin yakan faɗi ƙasa da 20 da rani, ya haura 70 a watan Agusta. Sa'an nan da manyan baƙaƙe ta ce tilas a bar fili na milimita 10 zuwa 12 tsakanin falanki da bango ta kowane gefe, watau kamar kaurin ɗan ƙaramin yatsa, a rufe shi da siririn katakon da ake bin gindin bango da shi.

Wanda zai yi aikin wani dattijon kafinta ne, abokin Baba tun suna samari. Shi ya yi gadon auren Umma, har yau ko ƙara ba ya yi. Bai taɓa shimfiɗa irin wannan ba, amma cikin rabin sa'a ya gane yadda haƙoran falankan ke shiga juna ba tare da ƙusa ba. Abin da ya dame shi kawai zartonsa, wanda gorar ta dakusar tun kafin azahar. Ina tsaye ina fassara masa takarda yana gyaɗa kai, har muka zo kan maganar fili. Ya ajiye zarto ya dube ni, ya ce, "Ɗan boko, shekara talatin da biyar ina aikin katako, ban taɓa barin rami a aikina ba. Wannan gidan kyankyasai kake so in gina wa kakarka?" Yaransa suka fashe da dariya. Baba yana can gefe bai ji farkon maganar ba, ya juyo ya dube ni irin duban nan na kada ka yi wa babba musu. Na ji kunya ta rufe ni, na ninke takarda na sa aljihu. Malam ya buga falankansa suka manne da bango ƙam, ko reza ba ta shiga. Gaskiya aikin ya yi kyau.

Da dare Baba ya kira ni ya ce, "Akwai abin da ya rage a takardar nan da ba a yi ba?" Na ce babu. Wannan kalma ɗaya ita ce laifina. Da rana ana iya cewa kunya ce da ladabi, amma da dare mu biyu ne kaɗai, ba kafinta ba yaransa. Tsoro na ji kada a ce a ɓalle aikin da aka gama, a ce ni na jawo, ga shi na riga na lallashi kaina cewa abin da ya nutse a ruwa kamar dutse ai ba zai motsa ba.

Watanni huɗu muka yi cikin jin daɗi. Kaka ta fara fitowa tana dafa bango, daga baya ta saki bangon. Ta ce abin da ta fi so shi ne ba ya ɗaukar sanyi kamar tayil. Aka sa tabarmar goge ƙafa a kowane bakin lungu, aka kafa dokar tuɓe takalmi, wadda da ma al'adarmu ce, aka hana wanke wurin da ruwa sai dai a goge da tsumma mai ɗan danshi. In baƙi sun zo Kaka takan ce, "Maigidana ne ya zaɓa mini," ni kuwa in yi ta hura hanci.

Da ruwa ya zauna a watan Yuli sai na fara jin wani wuri a tsakiyar lungu yana ɗan lilo in an taka. Na san dalili, na yi shiru. Falankan da suka bushe ƙarau da rani sun sha laimar damina, kowanne ya ƙara faɗi da abin da ido ba ya gani, amma in an tara na jere duka ya zama abu. Bango ya hana su gaba, ya hana su baya, sai sama. Cikin Agusta aka kwana biyu ana ruwa, wurin ya tashi ya yi tozo. Da asuba, an ɗauke wuta, Kaka ta fito da butarta a kan hanyar da ta riga ta amince da ita, ta yi tuntuɓe. Ƙarar butar ce ta tashe ni. Na same ta durƙushe ta riƙe ƙofa da hannun nan da ya taɓa karyewa, gwiwarta ta goge tana jini. Ba ta karye ba. Amma da na ɗaga ta na ji jikinta yana ɓari, ta ce mini a hankali, "Maigida, ita ma wannan ɗin ba ta so na."

Ban jira gari ya waye ba. Na ɗauko takardar, wadda ke cikin littafina na lissafi tun watan Maris, na sami Baba na faɗa masa duka, har da daren da ya tambaye ni. Na sa rai da faɗa, ko abin da ya fi faɗa. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Malam bai iya Turanci ba. Ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Kai muka sa a makaranta." Ya ce in je in kira Malam, in kuma karanta masa takardar daga farko har ƙarshe, a gaban yaransa.

Tafiyar nan zuwa shagonsa ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Ya zo ya tsuguna a kan tozon, ya danna da tafin hannu, ya saurari karatuna har na kai aya. Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce ai ƙofar katako ma takan ƙi rufuwa da damina, ya san wannan tun yana yaron shago, bai dai kawo gora za ta yi haka ba tun da ya ji ta kamar ƙarfe. Ya dube ni ya ce, "Da ka maimaita sau biyu, yaro, da na tsaya." Ban sani ba ko da gaske zai tsaya ɗin, amma ya ƙi karɓar ko sisi a kan gyaran.

Kwana biyu aka yi. Aka ɓalle layin da ke bin bango ta kowane gefe, aka rage masa kaurin yatsa, aka mayar. Falankai biyar haƙoransu sun karye a wurin tozon, aka canza su daga kwalin Kawu. Aka jera buhunan masara a tsakiyar lungu har mako guda, wurin ya kwanta. Malam ya bi gindin bango da siririn katako ya rufe filin, ya buga shi a jikin bango ba a jikin falanki ba, don na ƙasa ya sami damar motsi. Ramin kyankyasan da ya ji tsoro, ko mai neman sa ba zai gani ba.

Kaka ta fi daɓen daɗewa kafin ta koma daidai. Sai da aka yi girbi ta sake fita ita kaɗai, yanzu kuma da sanda take tafiya, sandar gora, tana ƙwanƙwasa gabanta kafin ta taka. Da hunturu ya dawo falankan suka tsuke, 'yan tsaguna suka buɗe tsakaninsu, siraran da tsinken tsintsiya ke shiga da ƙyar. Ƙura takan taru a ciki, Baba kuwa ya ɗora mini aikin share su kowace Asabar, bai ce horo ba ne, ni ma ban tambaya ba. Da damina ta sake zuwa suka rufe da kansu, tozo bai tashi ba. Karce kam akwai shi, musamman a bakin tsakar gida inda yara ke shigowa a guje, amma babu lotsawa ko ɗaya, ko a inda ake jan kujerar Kaka.

Kwanan baya Kawu zai koma Sin, ya zo sallama, ya tambayi Baba ko a taho da na falo. Baba ya nuna ni da haɓa ya ce a tambayi mai karanta takarda. Na ce a bari mu ga damina ɗaya tukuna. Kaka tana jin mu daga ɗaki, ta ɗaga murya ta ce in dai ni ne zan karanta, a sa ni in karanta da ƙarfi, ita ma tana so ta ji.